Ciwon Masara: Kafin Mu Sayi Wani Famfon Feshi

Lokaci ya yi kuma da kwamitocin ƙungiyoyinmu za su zauna su ƙidaya abin da ke cikin asusu, su shirya sayayyar damina. Mun san yadda irin wannan zama yakan tafi. Ma'aji ya karanta lissafi. Wani ya tashi ya ce bara masararsa ta yi ciwo. Wani ya ce tasa ma haka. Kafin a tashi an riga an yanke shawara a sayi sabon famfon feshi da katan biyu na magani, abin da ya ragu a zuba a taki. Maganar iri, da ranar shuka, da inda za a shanya masara da kaka, sai a ce kowa ya ji da nasa.

Mu dai muna ganin an bar jaki ana dukan taiki. Yawancin cututtukan da ke cin masararmu feshi ba ya kashe su. Ana tare su ne tun iri bai shiga ƙasa ba, da kuma bayan an karya masara. Mutum ɗaya kuwa ba ya iya tare su shi kaɗai, gama cuta ba ta san iyakar gona ba. Saboda haka muna roƙon kowane kwamiti ya dakata da sayen famfo, ya ji dalilanmu tukuna.

Ƙwaro dabam, cuta dabam

A shekara ta 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya. Daga nahiyar Amurka ta fito, cikin shekara biyu kuma ta gama yawancin ƙasashen Afirka. Ita ce ta koya wa da yawa cikinmu riƙe famfo. Ba mu ce feshi ba ya yi mata kome ba. In an same ta tana ƙarama, aka fesa da sassafe ko da yamma, maganin ya shiga cikin zuciyar masara, tana mutuwa. Amma tun daga lokacin hannunmu ya saba. Da mun ga ganye ya sāke launi sai mu ce a kawo magani.

Ganyen masara yakan sāke launi saboda abubuwa da yawa. Wani lokaci yunwa ce kawai. In ganyayen ƙasa suka fara yin rawaya daga tsini, rawayar tana bin jijiyar tsakiya, masarar taki take nema. In 'yar masara ta yi shunayya a gefen ganye, wani sinadarin taki ne ya gaza mata. Wannan ba cuta ba ce, ko ganga guda aka fesa ba za ta ƙoshi ba. Wani lokaci kuma cuta ce da ta riga ta shiga cikin jikin shukar, inda maganin ƙwari ba ya kaiwa. Wanda ya fesa maganin ƙwari a kan cuta ya yi asara biyu: kuɗinsa ya tafi, masararsa ba ta tashi ba. Ga kuma dafin da ya shaƙa.

Cutar zanen ganye

Bari mu fara da wadda kowa ya sani. Za ka ga ganye ya yi zane-zane farare ko rawaya, sirara, a tsaye, suna bin jijiyoyin ganyen. Masarar ta tsugune, ba ta tsawo. In ta kamu cikin mako uku na farko bayan tsira, sau da yawa ba ta yin goyo ko kaɗan. In ta kamu bayan ta girma, hasarar ba ta da yawa.

Wani ɗan ƙwaro mai tsalle ne yake ɗauke da ita, bai kai ƙwayar shinkafa girma ba. Yana shan ruwan ganyen ciyawa ko na masara mai ciwo, ya tashi ya sauka a kan lafiyayya, ya sa mata. In ya ɗauki cutar sau ɗaya, yana tare da ita har ya mutu. Cutar ba ta bin iri. In kuwa ta shiga shuka, babu maganin da zai fitar da ita.

To, ku lura da abin da wannan yake nufi a ƙauye. Wanda ya shuka da ruwan fari, masararsa takan girma kafin ƙwarin su yi yawa. Wanda ya makara da wata guda, 'yar masararsa tana tsira ne daidai lokacin da ƙwarin suka hayayyafa a gonakin maƙwabta. Su kuwa ɗanyen ganye suke so. Sai su taso su sauka a kansa. Haka kuma masarar rani da ake yi a fadama takan riƙe ƙwarin da cutar har damina ta sauka, ta zama musu gada. Ashe ranar da ka shuka ba maganarka kai kaɗai ba ce.

Wannan cuta ta yi ɓarna ƙwarai a Afirka ta Yamma a 1983 da 1984. Abin da ya rage ƙarfinta iri ne. Masana na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan sun yi shekaru suna kiwon ƙwarin, suna sa su a kan masara iri-iri, suna zaɓen waɗanda suka tsaya. Saboda wannan aiki aka ba cibiyar lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Ire-iren masara da yawa da ake sayarwa yanzu, har da waɗansu masu suna SAMMAZ daga cibiyar bincike ta Samaru, Zariya, suna da wannan juriya a jikinsu.

Amma juriyar ba ta dawwama a irin da muke ajiyewa shekara da shekaru. Iska tana ɗaukar garin furen masara daga gona zuwa gona. Irinka mai kyau yana haɗuwa da na maƙwabcinka, ƙarfinsa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa malaman gona suke cewa a sabunta irin da ba na aure ba bayan damina uku, iri mai aure kuwa a sayi sabo kowace shekara.

Tsatsa da ƙunar ganye

Dattawa a kudancin ƙasar nan sun ba da labarin shekarun da tsatsa ta ci masara. An fara ganin wannan irin tsatsa a Saliyo a 1949. Iska ta ɗauke ta, ta iso Nijeriya, cikin 'yan shekaru ta kai har Kenya. A waɗansu wurare rabin amfanin gona ya tafi. A lokacin babu famfo a hannun talaka. Abin da ya kawo sauƙi shi ne iri mai jurewa, wanda aka kawo daga ƙasashen da masara ta samo asali, da wanda manoma da kansu suka riƙa ɗiba daga masarar da ta tsira.

Waɗanda suke noma a wurare masu sanyi da raɓa, kamar tudun Jos da Mambila, sun fi sanin waɗansu biyu. Ɗaya tana yin dogayen tabo masu tsini biyu, kamar an ƙona ganye da wuta. Ɗaya kuma tana yin ƙananan tabo masu launin toka, masu kusurwa huɗu. Dukansu daga ganyayen ƙasa suke farawa su hau sama. Me ya sa daga ƙasa? Gama a cikin karan bara da busassun ganyen da suka rage a gona suke kwana. Ruwa ya sauka, ya fantsama su a kan sabuwar shuka.

Akwai maganin feshi na waɗannan biyu, ba mu ɓoye ba. Amma yana da tsada, kuma sai an fesa wajen lokacin da masara za ta fitar da fure, sa'ad da ta riga ta fi mutum tsawo. Wanda ya taɓa shiga irin wannan gona da famfo a baya ya san rabin maganin a jikinsa yake ƙarewa. Hanyar da ta fi araha ita ce a hana cutar abinci. Gonar da ta yi masara bana, a sa mata waken suya, ko gyaɗa, ko wake baɗi. Kada a ce an juya da dawa, gama cutar nan mai dogayen tabo tana cin dawa ma, wuta-wuta kuwa dawa da masara duk ɗaya ne a wurinta. Waken suya yana da wata riba kuma: saiwarsa takan sa 'ya'yan wuta-wuta su tsira, su rasa abin kamawa, su mutu. Karan gonar da ta yi ciwo kuma a kwashe a ba dabbobi, ko a binne shi da huɗa ya ruɓe sarai.

A nan ma maƙwabci yana ciki. In ka juya gonarka, na kusa da kai ya bar tulin kara mai ciwo a kan iyaka, iska za ta kawo maka rabonka.

Darasi biyu daga nesa

Kada wani ya ji mun yabi iri mai kyau ya ce to, sai ƙungiya ta sayi iri ɗaya tak ta raba wa kowa. Amurka ta gwada wannan. Kafin 1970 kamfanonin iri na can sun yi ta amfani da tsatso ɗaya wajen haɗa irin aure, har wajen kashi 85 cikin 100 na masarar ƙasar ya zama yana da rauni iri ɗaya. A 1970 wata sabuwar ƙunar ganye ta sami wannan rauni. Ta bi gonaki daga kudu zuwa arewa, ta cinye wajen kashi 15 cikin 100 na masarar ƙasar duka cikin damina ɗaya. Ƙasa ce mai jiragen feshi, duk da haka abin da ya cece su shi ne sāke iri. Saboda haka muna cewa a shuka lokaci ɗaya, amma kada a shuka iri ɗaya. Ƙungiya ta riƙe iri biyu ko uku masu kyau, har da mai saurin nuna domin wanda ya makara.

Darasi na biyu daga Kenya yake. A 2011, a yankin Bomet, aka ga wata cuta da ke busar da masara tana tsaye, daga gefen ganye har zuciya. Cututtuka biyu ne suke haɗuwa a shuka ɗaya, ƙananan ƙwari suna yaɗa su, ɗayansu kuma takan bi iri. Ta shiga Tanzaniya, da Yuganda, da Ruwanda, da Habasha. Yankin da ta fara, wuri ne da ake samun masara a gona kusan kowane wata na shekara. Cikin shawarwarin da aka ba manoma akwai cewa dukan yanki ya yarda ya bar masara na waɗansu watanni, a shuka wani abu, domin cutar ta rasa wurin zama. Wannan ba shawarar da mutum ɗaya zai iya bi ba ce. Mu kuma da noman rani yake ƙaruwa a fadamunmu, ya kamata mu ji. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada kuma mu karɓi irin da ba mu san asalinsa ba don wani ya kawo shi daga tafiya.

Cutar da ke binmu har tukunya

Akwai wadda ta fi waɗannan duka, gama ita mutum take ci. Wata fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa. Tana shiga masara tun a gona, musamman in fari ya matsa mata, ko tsutsa ta huda goyon. In aka karya masara aka zube ta a ƙasa, ko aka sa ta a buhu da sauran danshi, fumfunar takan yi ƙarfi ta fitar da guba da ake kira aflatoksin. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Niƙa ba ya fitar da ita. Wani lokaci ma ido ba ya ganin kome a jikin ƙwayar.

A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta saboda cin masarar da suka noma suka ajiye da kansu, 125 suka mutu. Wannan shi ne sa'ad da gubar ta yi yawa a lokaci ɗaya. In kaɗan-kaɗan ake ci, shekara da shekaru, tana lalata hanta, tana iya kawo ciwon daji na hanta, ana kuma danganta ta da rashin girman yara. Kaji ma in sun ci ba sa girma, ƙwai yana raguwa. Ku tuna abin da mukan yi da masarar da ta ɓaci. Mai kyau mu kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar mu bar wa gida, a yi kunun yara, ko a watsa wa kaji. 'Yan'uwa, wannan ciniki ne na hasara.

Maganinta ba wuya. A karya masara da zarar ta nuna, kada a bar ta ruwan ƙarshe ya yi ta dukanta. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan ƙasa ba. A tsince duk goyon da ya ruɓe ko ya sāke launi, a binne ko a ƙone. A bar ƙwayar ta bushe har danshinta ya sauka wajen kashi 13 cikin 100. In babu na'urar awo, a sami busasshiyar kwalba, a zuba masara kaɗan da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba tukuna. Buhuna kuma a ɗora su a kan katako, nesa da bango. Akwai kuma Aflasafe, wanda IITA ta haɗa. Ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu ko uku kafin masara ta fitar da fure, marar gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Mata ne suke shanya, su suke tsincewa, su suke zuba wa yara a kwano. Duk kwamitin da zai yi maganar masara ba tare da su ba, rabin magana ya yi.

Abin da za a ce mana

Mun san akwai masu cewa iri mai kyau yana da tsada. Gaskiya ne. Amma hekta ɗaya wajen kilo 20 take ci. A kwatanta kuɗin wannan da kuɗin takin da za a zuba a hektar. Wanda ya zuba buhunan taki a kan iri marar ƙarfi, cuta yake ciyarwa. Araha ba ta ado.

Waɗansu za su ce sun taɓa sayen iri a leda mai kyau ya zama jabu, hatsin kasuwa ne aka shafa wa launi. Wannan ma yana faruwa, mu ma ya taɓa cin waɗansunmu. Amma dalili ne na a sayi iri tare. Mutum ɗaya da ya sayi kilo biyu a bakin kasuwa ba shi da wurin kai ƙara. Ƙungiyar da ta aiki mutum biyu wurin dillalin da aka sani, suka duba tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, suka karɓi rasit, tana da baki. Kafin a raba, a ƙirga ƙwaya 100 a shuka a gefen rijiya. In waɗanda suka tsira ba su kai 85 ba, a mayar da kayan.

Waɗansu kuma za su ce shuka lokaci ɗaya magana ce ta mai shanu. Gwauruwa da tsoho da wanda ba shi da kuɗin huɗa, kullum su ne na ƙarshe. Wannan ita ce magana mafi nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Su ne cutar zanen ganye ta fi ci, ba don ragwanci ba, sai don layi bai zo kansu da wuri ba. Kakanninmu suna da gayya domin irin wannan. In ƙungiya tana da shanun huɗa ko tana hayar tarakta, a fara da gonakin marasa ƙarfi, masu hali su bi baya. In kuwa lalle wani ya makara, a ba shi iri mai saurin nuna, ko a shawarce shi ya sa wake a maimakon masara.

Akwai kuma masu son tsohon irinsu saboda daɗin tuwonsa ko gasawa. Ba mu ce a yar da shi ba. A ajiye shi a gona guda, a shuka shi da wuri, a ɗebi iri daga tsakiyar gona, daga shuke-shuken da ba su yi ciwo ba, tun suna tsaye.

Abin da muke roƙon kwamitoci

Na ɗaya, kuɗin farko da zai fita daga asusu ya tafi wajen iri, kala biyu ko uku, tun kafin ruwa ya sauka.

Na biyu, in za a sayi magani, a fara da na gauraya iri. Ɗan ƙunshi ne, yana kāre 'yar shuka daga waɗansu cututtuka da ƙwari a makonnin farko, lokacin da ta fi rauni. A bi abin da aka rubuta a jikinsa, a sa safar hannu. Irin da aka gauraya kuwa, ko ya ragu, ba na ci ba ne, ba na kaji ba ne.

Na uku, a tsai da mako biyu na shuka, a sanar wa dukan ƙauye, har da waɗanda ba 'yan ƙungiya ba. Ƙwaro ba ya tambayar katin shiga.

Na huɗu, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su riƙa zaga gonaki kowane mako cikin wata na farko. Shukar da ta kamu tana ƙarama a tuge ta. Abin da ba a gane ba a kai wa malamin gona ganyen kafin a sayi kome.

Na biyar, a sayi tamfol na ƙungiya, a riƙa ba da aro da kaka bi da bi.

Na shida, magatakarda ya buɗe littafi: wane iri aka shuka, a gonar wa, wace rana, wane ciwo ya fito, buhu nawa aka samu. Bayan damina uku wannan littafi zai faɗa muku irin da ya dace da ƙasarku fiye da kowane dillali.

In an gama waɗannan kuɗi ya ragu, a gyara tsohon famfon, a ajiye shi domin tsutsa. Ƙungiyar da ta gwada, ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi ko marar daɗi, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka.